Abin da Ke Tsakanin Fasinja da Rami

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sa'an nan ya saki babbar kwalta ya kutsa cikin lungunan Makera ko Kakuri ko Nasarawa a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya gama aikinsa a kan hanya, ya san wani abu da ido ke gani kullum amma hankali bai cika tsayawa a kansa ba: mutum biyu sukan bi ta kan rami guda a sa'a guda, ɗaya ya isa gida yana dafe da ƙugu yana Allah ya isa, ɗayan kuwa ya isa bai ma san akwai rami a wurin ba. Ramin bai ƙara zurfi domin na farkon ba, bai kuma cike kansa domin na biyun ba. Ashe ke nan bambancin yana cikin abin da aka sanya tsakanin mazaunin mutum da ƙasa, kuma ni a ganina wannan mas'ala ce da ta cancanci a shimfiɗa mata buzu a zauna, ko da yake na san akwai malaman da za su ce zancen gareji bai kai a kawo shi zaure ba.

Dalilin da ya jawo ni cikinta ɗan ƙanwata ne. Yaron kirki ne, ya sami aiki, ya tara abin da ya tara, ya sayi mota 'yar Kwatano mai lafiya. Amma tun kafin ya gama biyan kuɗin lamba sai ya kwance wilin da ta zo da shi, mai inci 15, ya ɗaura mata na alminiyon mai inci 18, mai walƙiya kamar tasar amarya, da tayoyi sirara waɗanda in ka hango su daga nesa sai ka ce fenti aka shafa a bakin ƙarfen. Ranar da ya ɗauki kakarsa, watau mahaifiyata, daga Barnawa zuwa wani suna a Sabon Tasha, ba su ci rabin tafiya ba tsohuwa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Kai maigida, sauke ni nan. Ƙashina bai kai motarka tsada ba, amma shi kaɗai gare ni." Bayan mako uku wili ɗaya ya lanƙwashe, taya ɗaya ta yi ƙulu a gefe, sai ga shi da sassafe yana cewa, "Kawu, raka ni wurin Baban nan naka na Kakuri."

Wannan dattijo da yake nufi ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar harhaɗa motocin Peugeot, wadda aka buɗe a Kakuri a 1975, a zamanin da unguwar ke tashi da jiniyar masaƙu, tun daga masaƙar Kaduna ta farko da ta fara aiki a 1957 har zuwa waɗanda suka biyo bayanta, kuma ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suke fitowa aiki kafaɗa da kafaɗa. Masaƙun sun yi shiru yanzu, amma hannuwan da suka ɗaure kusoshin 504 ba su ƙare ba tukuna. Ita wannan mota, wadda mutanenmu ke kira Fijo, an fito da ita a Faransa a 1968, kuma abin da ya sa ta zama ta ma'aikacin gwamnati da ɗan tasi da direban tasha gaba ɗaya, har aka ci gaba da harhaɗa ta a nan shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu, bai wuce ƙafafunta ba: wili mai inci 14, taya mai kauri, sifirin mai nisan tafiya sama da ƙasa, da cikin da ya ɗaga daga ƙasa. Da irin waɗannan ƙafafu ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Wanda ya taɓa yin barci a kujerar bayan wagon daga Kaduna zuwa Kafancan ba ya bukatar a kawo masa hujja.

Dattijon bai yi wa yaron faɗa ba. Ya durƙusa ya nuna masa lambobin da ke jikin tayar, ya ce ya karanta. Aka karanta 225/40 R18. Ya ce to, na farkon faɗin taya ne da milimita, na biyun kuwa tsawon gefenta ne, kashi 40 cikin ɗari na wancan faɗin, watau milimita 90 ke nan tsakanin bakin ƙarfe da ƙasa. Wadda aka cire, 195/65 R15, gefenta ya kusa milimita 127, ta tsohuwar Fijo kuwa ta kai wajen 140. Abin lura a nan, wanda ni kaina ban taɓa riskarsa ba sai ran nan, shi ne cewa in ka tsayar da tsohuwar ƙafar da sabuwar gefe da gefe, tsawonsu daga ƙasa zuwa sama kusan ɗaya ne, domin gurbin da maƙera suka bari a jikin mota ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa don mai mota ya yi arziki. Saboda haka duk incin da aka ƙara wa ƙarfe, daga rabon iska da roba aka yanko shi. Iskar nan kuwa ita ce farkon mai karɓar duka. Ita ke lotsawa ta haɗiye tsakuwa da bakin kwalta tun labarinsu bai kai ga sifirin ba, kuma domin wannan aiki ne wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya naɗa wa keken ɗansa robar da aka hura a birnin Belfas a 1888. In iskar ta yi kaɗan, sai bakin rami ya matse roba a jikin ƙarfe ya tsinke zaren cikinta, ƙulu ya fito, ko wilin kansa ya ji a jikinsa.

Kada a ɗauka girman ƙafa ne laifi, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙafar tirela ko ta tarakta, wadda girmanta na gaskiya ne daga ƙasa har sama, takan taka ƙaramin rami ta haye bakinsa biyu ba ta faɗa ciki ba, alhali ƙaramar ƙafar Keke Napep sai ta nutse ta fito. Girman da yaron ya saya na gani ne, wanda bai ƙara wa ƙafar tsawo ba, sai dai ya ƙara mata nauyi da tauri. Kuma ko shi ɗin yana da uzurinsa a inda aka ƙago shi: mota mai tsananin gudu tana bukatar faffaɗan birki, shi kuwa sai da faffaɗan wili, kuma taya mai gajeren gefe ba ta langaɓewa a kwana, sitiyari yana jin magana nan take. A kan titunan Jamus wannan hikima ce. Wanda ya ɗauko hukuncin wata ƙasa ya ɗora a kan tasa ba tare da ya dubi ko illar hukuncin tana nan ba, malaman usulu suna da sunan da suke kiran ƙiyasinsa da shi, ba kuwa na yabo ba ne.

Ban ce sayen wili mai walƙiya haramun ne ba, Allah ya tsare ni da haramta abin da shari'a ta yi shiru a kansa. Ado halal ne, kuma wanda ya ce bai taɓa sayen abu domin idon jama'a ba, a duba hularsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin nan na gurbi ƙayyadadde. Ɗan Adam ma haka aka yi shi: ƙarfinsa da lokacinsa da faɗin ƙirjinsa duk da awo aka ba shi, kuma abin da ya ƙara wa zahirinsa, na daga suna da matsayi da kiyaye yadda ake kallonsa, lalle daga baɗininsa ya rage shi. Shi ya sa sau da yawa za ka ga wanda ya fi kowa ƙyalli a taro shi ne wanda kalma guda ke lanƙwasawa, domin bai bar wa kansa wata tazara tsakanin martabarsa da maganar mutane ba. Wani abin kuma, mai ado shi ke karɓar yabo a bakin titi, amma kakarsa ce ke biyan kuɗin da ƙugunta, kuma ƙa'idar nan ta fiƙihu da ta hana cuta da cutarwa ba ta ware wanda ke zaune a kujerar baya ba.

Amma zuciyar mas'alar tana can ciki, bayan ƙafar, inda ba mai leƙawa sai makanike. Da dattijon ya gama da taya sai ya kai mu wurin wata tsohuwar mota da ke jiran gyara, ya dafa kusurwarta ta gaba da hannu biyu, ya danna da ƙarfi ya saki. Motar ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake yin sama, tana ta rausaya kamar kwale-kwale har sau huɗu ko biyar kafin ta natsu. Ya je ga wata ya yi mata haka nan, ita kuwa ta taso sau ɗaya ta tsaya cik. Ya ce, "Malam, ka ga duka biyun sifirinsu lafiya lau. Waccan shokozobarta ce ta mutu."

Bayanin abin shi ne, sifirin, ko na murɗe ne ko na falle-falle irin na akori-kura, ba ya kashe duka. Ajiye shi yake yi. Gwargwadon yadda aka danne shi, gwargwadon yadda yake turowa, kamar yadda wani masani Bature, Robat Huk, ya bayyana a Ingila tun 1678, kuma duk abin da ya karɓa daga rami sai ya mayar da shi cif, in ba yanzu ba to bayan ƙiftawar ido. Amfaninsa shi ne yana mai da bugu mai kaifi ya zama lilo mai sauƙi, har maƙera sukan auna shi yadda jikin mota zai yi lilon nan wajen sau ɗaya ko ɗaya da rabi a sakan, kusa da takun mutum in yana tafiya a ƙasa, wanda jiki ya saba da shi tun yana goye. Amma in an bar shi shi kaɗai, lilon ba ya ƙarewa da wuri, na wannan rami ya haɗu da na wancan, har taya ta riƙa barin ƙasa, birki ya rasa abin kamawa, sitiyari ya zama ado. Ita kuwa shokozoba bututu ce cike da mai, da wani abu kamar muciya a ciki mai 'yan ƙananan ƙofofi. Duk motsin da sifirin ya yi sai ya tilasta wa man nan kurɗawa ta ƙofofin, ƙarfin dukan ya rikiɗe ya zama zafi, zafin ya bi iska ya tafi. Wanda ya yi doguwar tafiya a kan gargada, in ya sa hannu ya taɓa ta, zai ji ta da ɗumi. Ramukan da bai ji a jikinsa ba ne suka ƙone a nan.

Ina tsaye a wurin, cikin ƙaurin baƙin mai da ƙarar guduma, sai karatun da muka yi a zaure shekaru aru-aru ya faɗo mini. A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 134, inda aka lissafa siffofin masu taƙawa, an ambaci haɗiye fushi, sa'an nan nan take aka bi shi da yafe wa mutane, kuma na daɗe ina ɗaukar su abu guda ne da aka maimaita domin ƙarfafawa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, daidai da 1111, ya rarrabe su a cikin Ihya'u, a littafin da ya keɓe wa aibin fushi da ƙullata da hassada, inda ya nuna cewa fushin da aka danne domin an kasa hucewa a kan mai shi yakan koma ciki ya taru ya daskare ya zama hiƙidu, watau ƙullata, kuma ya fifita hilimi a kan haɗiye fushi, domin mai haɗiyewa yana kokawa ne da abin da ke tafasa a cikinsa, mai hilimi kuwa tukunyarsa ba ta cika tafasa ba. To ga shi nan a ƙarfe. Haɗiye fushi sifirin ne: yana lotsawa, yana hana bugu ya isa ga jama'a a take, kuma wannan ba ƙaramar falala ba ce, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ajiya ce, kuma kowa ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye. Afuwa ita ce bututun man, wadda ke karɓar abin da aka ajiye ta ƙone shi a cikin kanta har ya ƙare, kuma wanda ya ce tana da sauƙi bai taɓa yin ta ba, domin da zafin mai ita take aiki.

Mu da ke zaune kudancin kogin nan ba mu bukatar a je da mu nesa neman misali. A watan Fabrairu na 2000 garin nan ya faɗa rami mai zurfi, aka yi asarar rayukan da har yau ba a son tuna yawansu. Aka ce a yi haƙuri, aka kuwa yi, kowa ya haɗiye, kasuwa ta buɗe. A Nuwamba na 2002 abin ya taso, ya sake tasowa a Afrilu na 2011, kuma a tsakanin haka mutane suka yi ta kwashe kayansu suna ƙetare gada, Musulmi galibi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, har kogin da Allah ya yi domin a sha ya zama iyaka. Ba na cikin masu cewa rashin haƙuri ne ya kawo wannan. Haƙurin da mutanen Kaduna suka yi, da dutse ne da tuni an sha romonsa. Abin da nake zato shi ne an yi ta ƙara wa motar sifirin ba a duba shokozoba ba, watau an roƙi mutane su danne, amma wuraren da abin da aka danne zai kurɗa ya huce, irin su shari'ar da za ta hukunta mai laifi, da zaman da za a faɗi gaskiya ido da ido, da aikin da ke haɗa Bahaushe da Bajju da Bagwari da Ibo a layi guda kamar yadda masaƙun Kakuri suka taɓa yi, duk sun tsiyaye. Maƙwabtanmu Kirista ma littafinsu ya tsananta a kan yafiya har ba ƙidaya, saboda haka ba koyarwar ce ta yi ƙaranci a kowane ɓangare ba. 'Yan unguwannin da har yanzu masallaci da coci ke jin muryar juna, irin su Barnawa da sassan Kakuri da Makera, in ka bincika za ka tarar akwai waɗansu dattawa da mata da ba a san sunansu a jarida ba, waɗanda zafin ke bi ta cikinsu shekara da shekaru.

Sai dai akwai mai ja, kuma jansa da ƙarfi. Zai ce laushi ma cuta ne in ya yi yawa, kuma gaskiyarsa: motar da aka sassauta ƙafafunta ƙwarai takan kwanta a kwana, ta dunƙura da hanci in an taka birki, fasinja ya yi amai, direba ya kasa sanin abin da ƙasa ke ciki. Tsakanin wuce iyaka da gazawa ne malaman tarbiyya suka ajiye kowace ɗabi'a ta gari, kuma shi Gazalin bai yabi wanda fushinsa ya mutu ɗungum ba, bal ma ya ƙidaya shi cikin masu naƙasa. Awon kuma yana bin kaya, shi ya sa babbar mota in ba ta ɗauke da komai takan fi jijjiga mutum, domin an ɗaure ta ne saboda nauyi, kamar waɗansu mazajen da ba a jin daɗin zama da su sai in ɗawainiya ta hau kansu.

Jan da ya fi wannan nauyi, wanda ban iya ture shi ba, shi ne na gafala. In ƙafafun mota suka kai matuƙa wajen kyau, mai ita ya daina sanin hanya, kuma in aka yi rashin sa'a shi ne wanda gyaran hanyar ke wuyansa, to jin daɗinsa ya zama musiba ga mai Keke Napep da ɗan acaɓa da mai naƙudar da ake gudu da ita asibiti. Ana ruwaito cewa Sayyidina Umar, yana Madina, yana tsoron a tambaye shi gobe kiyama game da dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi saboda bai daidaita mata hanya ba. Shi kuwa a kan raƙumi yake tafiya, ƙashinsa na ba shi labarin ƙasa. Kawar da abin cutarwa daga hanya, a hadisi, reshe ne na imani. To yaya matsayin wanda ya mallaki abin da zai kawar da ramin, sai ya sayi jif mai ƙafafun da ke ɓoye masa shi? Daga nan sai tsoro ya kama ni game da wa'azin da na gama yi a sama, domin haƙurin talaka da yafiyarsa su ne sifirin da shokozobar da masu iko ke tafiya a kansu, kuma mai yiwuwa ne malamin da ke ta kiran mutane su yi afuwa, bai ce uffan ga mai haƙa ramin ba, ya zama makaniken azzalumi bai sani ba. Afuwa falala ce ga wanda aka zalunta in ya zaɓe ta da kansa. Ba ta zama hujja ga wanda ya yi zaluncin ba, kuma dattijon Kakuri ya gaya mana cewa shokozoba mafi tsada ma, in aka yi ta dukanta da gargada ba hutu, man cikinta yakan yi zafi ya yi kumfa ta daina kamawa, daga baya ta tsiyaye.

Yaron dai ya ji magana, ko kuwa aljihunsa ne ya ji. Aka ciro tsofaffin wilin daga ƙarƙashin gadon uwarsa inda ya jibge su, aka mayar, mai faci ya hura tayoyin daidai awon da ke manne a jikin ƙofar direba maimakon yadda ya saba cika su tam kamar ganga. Da sati ya zagayo muka ɗauki tsohuwa zuwa gaisuwa a Nasarawa, ni a gaba, ita a baya da carbinta. Muka bi ta kan ramin da ya lanƙwasa wilin, motar ta ɗan nisa ta miƙe, na waiga na tarar har ta fara gyangyaɗi. A bakin ramin akwai wani yaro da shebur, ya zuba jar ƙasa ya rufe rabinsa, ya tsaya cikin rana yana ɗaga hannu ga masu wucewa. Gilashinmu a rufe yake, sanyi na busawa, ɗan ƙanwata yana ba ni labarin yadda motar ta koma kamar jirgi. Sai da muka kusa kwanar gidan gaisuwar na tuna akwai canji a aljihuna.